Modar azurfa a lambunan bakin titin Accra: shuka ta yi, suna bai yi ba

Masu sayar da furanni a gefen titin Spintex da East Legon suna da moda (shukar ado mai kaurin ganye da masana suka sani da Sansevieria) mai lafiya: saiwa da ƙarfi, ganye a tsaye. Nan ba ni da ƙorafi. Inda suka gaza shi ne suna. Duk wadda ganyenta ya yi fari-fari, Moonshine ce a bakinsu, wani ya ce Moonglow, na kusa da shi ya ce Silver Queen, alhali tukwanen uku abu ɗaya ne. Wani lokaci kuma suna ɗaya, shuke-shuke uku daban.

Ganye za ka duba, ba takardar da aka liƙa ba. Moonshine ganyenta faffaɗa ne, launin azurfa mai ratsin kore-kore, da siririn layi kore mai duhu a baki, tsayinta kan kai wajen santimita 60. Silver Hahnii gajeruwa ce, ganyen ya kewaya kamar sheƙar tsuntsu, da wuya ta wuce santimita 20. Sayuri siririya ce doguwa, zanenta na bin tsawon ganye. Bantel's Sensation ma haka, sai dai nata zanen fari ne tas. Matsalar ita ce ƙaramar Moonshine na kama da Silver Hahnii, sai ta girma asiri ya tonu. Ko sunan masana ya sauya, tun 2017 aka mayar da Sansevieria cikin dangin shuke-shuken da ake kira Dracaena, kuma masu lambu ba su bi ba (ban ga laifinsu a nan ba).

Wasu masu saye kan ce an cuce su don shukar ta koma kore. Sau da yawa rashin haske ne: Moonshine a lungu mai duhu tana yin duhu, tsohon ganye ma haka. A matsar da ita kusa da taga, sabon tsiro zai fito fari. Amma a tambayi mai lambu yadda ya yaɗa ta. Irin masu zane, idan daga yankan ganye ne, sukan koma koren asali. Ɗan da aka raba daga saiwar uwa shi ke riƙe launi.

Ƙasar da suke cusawa a leda baƙa ce mai riƙe ruwa, a daminar Mayu da Yuni gindi kan ruɓe. A sauya ta: kashi biyu ƙasa, ɗaya yashi mai tsakuwa, ɗaya dakakken gawayi, a tukunya mai huda. Kada a ba da ruwa sai ƙasar ta bushe har ƙasan tukunya.