Akwatin darussan kimiyya da katunan muhawara na 'yan ƙaramar sakandare: ga yadda na same shi

Malamai 'yan uwana masu koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, musamman masu tambayata ko akwatin nan ya cancanci a saya, amsata ita ce e, amma ba don kayan gwajin da ke ciki ba. Katunan ne suka biya kuɗinsa. Kayan gwajin kam babu wani abin a zo a gani, kofunan roba ne da zare da ɗan agogon auna daƙiƙa da maganaɗisu da takardar gane asid, sai littafin jagorar malami mai ɗan kauri da katunan tattaunawa a kan ɗa'ar kimiyya, wato abin da ya halatta mai bincike ya yi da wanda bai halatta ba. An yi shi ne domin yara 'yan shekara 11 zuwa 14.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na lilo. Ana ɗaura ɗan ƙarfe a zare mai tsawon mita 1, a sake shi, yara su auna lokacin zuwa da dawowa sau 10, wanda ya kamata ya kama kusan daƙiƙa 20 tunda kowane zagaye kusan daƙiƙa 2 ne, kuma ko an canza nauyin ƙarfen lokacin ba ya canzawa, tsawon zaren ne ke canza shi. Wannan kowa ya sani. Inda dabarar take shi ne jagorar ta ce malami kada ya ce uffan, ya zaga kawai yana kallon takardunsu. Wallahi sai ga wani rukuni sun samu 20, 21, 20, sai na huɗu ya ba su 27 saboda mai riƙe agogon hankalinsa ya tafi wani wuri, nan take wata yarinya ta sa kilina ta goge ta rubuta 21, har tana hure ɓurɓushin daga kan takardar tana satar kallona. Bayan an gama sai a ɗaga kati mai tambaya: in sakamako ɗaya ya fita daban, a goge shi, a bar shi, ko a sake gwajin a rubuta duka biyun? Ajin ya kaure. Wasu suka ce ai kuskure ne a fili to mene ne amfanin ajiye shi, yarinyar da kanta ta ce malam to da magani ake gwadawa fa, wanda ya fita daban ɗin nan ai mutum ne. Ni dai ban taɓa samun hanyar koyar da riƙon amana a bincike da ta kai wannan ba, don laifin a hannunsu yake, ba labarin wani ba ne.

Katunan tarihi su ma sun yi, kuma abin da na duba a cikinsu daidai yake. Na Edward Jenner ya fi kowanne tayar da ƙura. A 1796 a Ingila ya ɗebi ruwan ƙurjin cutar shanu daga hannun wata mai tatsar nono ya sa wa James Phipps, yaro ɗan shekara 8 kuma ɗan mai kula masa da lambu, daga baya ya sa masa cutar agana da gangan don ya ga ko za ta kama shi. Ba ta kama shi ba, daga nan rigakafi ya samo asali, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da agana a 1980. To yaran nan sun girmi James da kaɗan ne, shi ya sa abin ya taɓa su. Wani ya ce uban yaron ma'aikacin likitan ne, yaya za a yi ya ce a'a? Wannan tambayar ba ta cikin jagorar ma, shi ya kawo ta. Katin Henrietta Lacks shi ma ya tafi lafiya, matar da aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a asibitin Johns Hopkins a 1951 ba da saninta ba tana fama da kansar bakin mahaifa, ta rasu a shekarar, ƙwayoyin kuma suka ci gaba da yaɗuwa a ɗakunan bincike har aka yi amfani da su wajen gwajin rigakafin shan inna, danginta ba su sani ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Na tunkiya Dolly, wadda aka kwafo daga ƙwayar jikin wata tunkiya a Scotland a 1996, dariya ya fi jawowa, kowa na son a kwafo shi ya tura ɗayan makaranta.

Yanzu ga inda nake da ja. A kusan kowane shafi jagorar tana nanata wa malami cewa ya gaya wa yara babu amsar da ba daidai ba. Na gane manufar, so ake mai kunya ya buɗe baki. Amma sai ga katin Tuskegee a cikin jerin, binciken da hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta yi a jihar Alabama daga 1932 zuwa 1972 a kan baƙaƙen fata maza 600, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, aka ƙi gaya musu ainihin abin da ke damunsu, aka hana su magani ko bayan da penisilin ya zama sanannen maganin cutar, don kawai a ga yadda take cin jiki. Sai da shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a 1997. Haba, a nan kuma za a ce wa yaro babu amsar da ba daidai ba? Akwai mana. Kuma tsarin wasan shi ne na kusurwa huɗu, kowa ya tafi kusurwar da ra'ayinsa yake, na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam, kun ga kenan ana gayyatar yaro ya je ya tsaya yana kare zalunci don ya burge abokai. Ni karanta musu na yi, muka yi magana a kan dalilin da ya sa yanzu dole a nemi yardar mutum kafin a yi gwaji da shi, na haɗa da dokokin Nuremberg na 1947 a kan yin gwaji da mutane, ban sa kowa ya tashi daga kujerarsa ba. Katin He Jiankui, ɗan China da ya sauya ƙwayoyin gadon wasu jarirai tagwaye a 2018 aka ɗaure shi shekara 3, shi kuma ya yi musu nauyi, sai ka fara bayanin ƙwayar gado tun daga tushe, kafin ka iso muhawarar an kaɗa ƙararrawa.

Lokacin da masu akwatin suka ware ma wasa ne, wai minti 15 a kati ɗaya. Raba rukuni kawai ya cinye rabinsa in ajin na da yawa. Ka ware darasi guda cur ga kowane kati, ka kuma karanta shi a gida tukuna don akwai kalmomin da sai ka sauƙaƙa. Katunan da kauri suke, an lulluɓe su da leda, sun jure hannun yara, agogon ne dai bai daɗe ba maɓallinsa ya maƙale muka koma amfani da na waya.

In makarantarku na da ɗakin gwaji ko da ƙarami ne, ku tambaya ko ana sayar da katunan da jagorar su kaɗai, ragowar kayan duk kuna da su. Ku fara da na lilo, sannan Jenner, ku ajiye Tuskegee sai yaran sun saba sauraron juna.