Na kai ɗana wajen likitar yara a Garwa ta Kamaru saboda ƙiriniya, ga yadda muka kwashe

Mata da yawa sun tambaye ni yaya muka ƙare da asibitin kuɗin nan da na kai yarona, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ta ji. Sunan wurin dai ba zan kama ba, don akwai inda zan yi ƙorafi.

Shekararsa 3 da wata 8. Wallahi tun da ya fara tafiya ban san hutu ba, ba ya zama ya gama cin tuwo, loma biyu ya miƙe, ya hau katanga ya hau kan firij, rannan sai fizge hannunsa ya yi a bakin kasuwa ya faɗa titi saura kaɗan mai moto ya kwashe shi. Metires ɗinsu, wato malamarsu a matarnel, makarantar ƙananan yara, ta kira ni sau uku, wai ba ya jiran layi, abin wasa na hannun wani sai ya warce, ana magana da shi kamar da bango. Hajiya, uwar mijina, cewa take rashin duka ne, gwaggona kuma ta ce iska ce a nemo rubutu. An sha rubutun, an yi tofi, ƙiriniya na nan daram.

Randebu aka ba mu ƙarfe 9, ba mu shiga ba sai bayan azahar, ga zafin Garwa na watan Afrilu, fanka ɗaya tal a ɗakin jira. Kuma wuri ne na yara amma ko ƙwallo babu, sai kujerun ƙarfe, ku yi tunanin riƙe irin yarona awa huɗu a nan. Mai karɓar kuɗin ma fuska a murtuke, jaka goma ganin likita banda gwajin jini. Nan kam sun gaza gaskiya.

Amma da muka shiga sai raina ya yi sanyi. Likitar ta kusa awa guda da mu, tana jin Hausa kaɗan muna haɗawa da Fulatanci da Faransanci. Ta duba karne ɗinsa, wato katin asibiti, tun na awon ciki, ta tambaya ko bakwaini ne, awa nawa yake barci, awa nawa yake kan waya, ko akwai mai irin halin a dangi. Nan na yi dariya don ƙanin babansa har yau bai iya zama ya gama shayi ba, ta ce ai abin yana bin jini sosai. Abin da take nufi sunansa TDAH da Faransanci, wato matsalar rashin tattara hankali da yawan motsi, kuma abu ne na yadda ƙwaƙwalwa ke girma, ba laifin tarbiyya ba ne, ba kuma sukari ke kawo shi ba kamar yadda muke faɗa a unguwa. An fi gane shi a maza.

Ni fa magani na je nema, in ba shi ya natsu in huta. Ta ce a'a Madam. Yaro ɗan shekara 2 ko 3 dama aikinsa kenan guje-guje, shi ya sa ba a cika yanke hukunci kafin shekara 4 ba, sai alamun sun wuce wata 6, a gan su a gida a kuma gan su a makaranta, kuma su fi na sa'anninsa nesa har suna jawo masa matsala. Ƙasa da shekara 6 ma iyaye ake fara koya wa yadda za su tafiyar da yaron kafin a yi zancen ƙwaya. Ta leƙa kunnensa, ta ce yaron da ba ya ji da kyau sai a ɗauka kunnen ƙashi ne, ta tura mu gwajin jini aka samu jininsa ya ɗan yi ƙasa, siro na ƙarin jini shi kaɗai ne a ordonans ɗin, wato takardar magani.

Aikin gida ta ɗora min. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, in durƙusa in kalli idonsa, in yaba masa nan take in ya yi daidai, waya kar ta wuce awa 1 a rana, barci awa 10 zuwa 13 har da na rana. Ta ba ni takardar tambayoyi in kai wa metires ta cike. Na wayar nan shi ya fi ba ni wuya, don dama da ita nake samun in yi girki, kwana huɗu yana birgima a tsakar gida kafin ya haƙura.

Sati shida kenan yanzu. Bai zama waliyyi ba, jiya ma ya juye min garin gero, amma yana barci bayan isha'i kuma duka ya ragu a gidan, har Hajiya ta rage cewa a kawo bulala. In za ku je ku tafi da ruwa da ɗan abin wasa, kuma in da hali ku ja baban yaron ku shiga tare, nawa bai je ba shi ya sa har yanzu yake cewa na ba da jaka goma an koya min magana da ɗana. Za mu koma in ya cika 4.