Makunnin ƙafa na 3PDT: ba kowace ƙara ce laifinsa ba

Duk wanda ya taɓa haɗa fedar sauya sautin jita (ɗan akwatin lantarki da makaɗi ke takawa da ƙafa) da hannunsa ya san wannan makunni mai ƙafafu tara a ƙasansa, wanda aka fi ganinsa da shuɗin jiki, ake kuma kiransa 3PDT. Farin jininsa ya samo asali ne daga yadda taku ɗaya ke yin aiki uku: yana yanke mashigar sauti daga da'irar lantarkin da ke cikin fedar, yana yanke mafitarsa, sannan yana kunna ko kashe fitilar LED. Idan feda tana kashe, sautin jita yana wucewa ta waya zalla. Ramin milimita 12 ya ishe shi zama, haɗa shi kuma ba ya buƙatar wata dabara.

Ƙorafin da ya fi yawa a kansa shi ne ƙarar "ɗas" da ke fitowa daga lasifika duk lokacin da aka taka shi, kuma a ganina galibin wannan zargi ba a inda ya dace ake ɗora shi ba. Kafasitocin (ƙananan kayan lantarki masu riƙe caji) da ke bakin shiga da bakin fita na da'irar aikinsu tare wutar DC ne, wato wuta irin ta batir, amma idan makunnin ya yanke su, gefe ɗaya yana zama a sake, ba ya haɗe da komai, sai caji ya riƙa taruwa a hankali ta hanyar yoyo, musamman idan kafasitar irin ta elektirolitik ce. Da zarar an taka, cajin ya zube cikin layin sauti gaba ɗaya, amfilifaya kuma ya ninka shi. Maganin bai wuce rezista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) mai megaom 1 zuwa 2.2 daga bakin shiga zuwa layin ƙasa (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) ba, da wata a bakin fita idan babu murɗin ƙarfin sauti a wurin. Kafin a taɓa komai, yana da kyau a sa mita a ma'aunin DC a auna mafitar, domin milibolt kaɗan ma kunne yana jin su. Wani lokaci wutar daga fedar da ke gabanta take kwararowa, ko daga amfilifaya, don haka a gwada fedar ita kaɗai.

Fitilar ma tana da nata rabon, saboda wutar da take fizga farat ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a cire waya ɗaya ta fitilar a sake takawa. Idan ƙarar ta ɓace, a ɗaga rezistar fitilar daga kiloom 4.7 zuwa 10 ko fiye, tunda fitilun zamani suna haske da wuta kaɗan.

Inda makunnin yake da aibi na gaskiya shi ne rashin jure zafi. Ƙafafunsa a cikin daskararren gam suke zaune, kuma idan aka daɗe da ƙarfen liƙi a kansu wajen narka dalma, ƙafar takan yi lako-lako, man da ke ciki ya malale kan wurin haɗuwa, sai sauti ya riƙa yankewa yana dawowa. Wannan ba ya gyaruwa da rezista, sai dai a canza makunnin. Haka kuma ƙarar ƙarfensa tana da kauri, kuma a da'ira mai ƙara ƙarfin sauti sosai, kafasitar seramik takan ɗauki girgizar ta mayar da ita sauti. Ƙwanƙwasa akwatin fedar da fensir yana tona wannan.

Ga mai kiɗa a dandamali tare da ganguna, makunnin ya wadatar, muddin an sa rezistocin kuma an liƙa shi da sauri. Mai naɗar sauti a ɗaki shiru kuwa, zai fi samun biyan buƙata da rile (makunnin da wutar lantarki ke motsawa) mai makunni mai laushin taku, ko tsarin da ke kunnawa da kashewa da tiransistocin JFET, irin wanda kamfanin feda na Boss ke amfani da shi.