Birin tamarin ko ƙaramar bishiyar Saint Helena, wanne za ka ɗauka?

Ɗalibai sun dame ni da tambayar wanne za su yi furojet a kai, to ga yadda nake gani.

Birin nan mai gashi kalar zinare, Leontopithecus rosalia, ɗan gidan Callitrichidae ne, a dajin gabar tekun Brazil yake. Ita kuma bishiyar, Trochetiopsis ebenus, ta tsibirin Saint Helena da ke kudancin Tekun Atlantika, dangin Malvaceae ce, wato 'yar uwar auduga da kuɓewa, abin mamaki ko?

A jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa, bishiyar ta fi shiga haɗari, matakinta shi ne na dab da ƙarewa, har an ɗauka ta ɓace sai a 1980 aka ga guda biyu rak maƙale a jikin dutse inda awaki ba sa kaiwa. Shi birin a 2003 aka sauko da shi mataki ɗaya daga na dab da ƙarewa, amma cutar shawara ta zo ta kashe da yawa, har rigakafi aka yi musu.

Kuɗi fa? Kare birin na cin kuɗi sosai, sai da daji mai faɗi. Ita reshe ake yanka a dasa, sai dai duk waɗanda aka dasa daga waɗancan da aka gano suka fito, jininsu kusan ɗaya.

Mai son bayanai birjik ya ɗau biri, mai son kimiyyar tsirrai kuma bishiyar ce tasa.