Tsohon kwamin fulawa a sabon gida: a tumɓuke duka ko a datse a gyara?

Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Kwami biyun nan na gaban gida da suka sha damina biyu ba mai kula da su, kada ki bari a tumɓuke su. Mai fulawar da ya ce a kwashe komai, a zubo sabuwar ƙasa a dasa sababbi, ki ce masa ya dakata tukuna. A hoton da kika turo ina ganin boganbiliya biyu masu kaurin gindi (fulawar nan mai ƙaya da ke hawa bango), da layin yalo-bush (shukar shinge mai ganye ruwan ɗorawa) da ya miƙe ya zubar da ganyen ƙasa, da gajeruwar fulawar nan iksora 'yan ƙalilan, sai ciyawa da 'ya'yan darbejiya da suka cike tsakani. Wannan aikin datsa ne da tono.

Abin da ya fi komai daraja a wurin nan yana ƙarƙashin ƙasa. Boganbiliyar da gindinta ya kai kaurin damtse ta yi shekaru tana tura saiwa, shi ya sa ta tsallake bazara biyu a Kano ba wanda ya ba ta ko kofi ɗaya na ruwa. Ta cikin leda da za a kawo miki a madadinta sai ta yi shekara biyu zuwa uku kafin ta kama ƙafarta. Tsohuwar kuwa, idan aka sare ta daidai ƙugu da farkon damina, cikin mako uku za ki ga 'yan tsiro jajaye-jajaye suna fasa busasshen ɓawon nan mai launin toka, ta ko'ina, har ta wurin da kika rantse ya mutu. Kafin damina ta fita ta rufe bango.

Tumɓuke duka yana da ranarsa: idan fiye da rabin shukar ta mutu, ko an tarar ɓaraguzan gini ne a ƙasan kwamin. Ban da haka, asarar kuɗi ce da jira.

Ki duba lissafin. A ce kowane kwami faɗinsa mita 1 ne, tsawonsa mita 6. Canjin ƙasa ba ya da amfani sai an kai zurfin santimita 30, wato kusan baro 28 za a fitar, a shigo da wasu 28, a kwami ɗaya kawai. Ga kuɗin lebura, ga na tifa, ga na sababbin dashe wajen guda 20. Sannan sabon dashe kullum sai ya sha, kuma a watan Afrilu kwami irin wannan yana lashe kusan jarka biyu a rana. Gyara kuma baro 5 na ruɓaɓɓen taki yake ci, tsofaffin shuke-shuken su sha ruwa sau biyu a mako su wadatu.

Ranar farko kada a taɓa fartanya. A sa takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu mai kauri, a bubbuga duhuwar da doguwar sanda, domin wurin da ya daɗe a rufe ba ya rasa kunama, wani lokacin har da maciji. A yanke ciyawar da lauje ta koma taƙi ɗaya don a ga gindin kowace shuka. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a kankare ɓawon reshe da farce: kore mai danshi yana da rai, ruwan ƙasa busasshe ya tafi. Idan sama ya bushe a gangara ƙasa a sake gwadawa, sau da yawa ran yana gindi. Wadda za a bari a ɗaura mata ƙyalle, saboda lebura da adda a hannunsa ba ya bambance fulawa da sabara. Ki kuma tambayi wanda ya sayar da gidan ta ina bututun ruwa da wayar fitilar ƙofa suka bi, don magina suna son binne su a cikin kwami, kuma sara ɗaya na diga ya isa.

Datsar ba iri ɗaya ba ce, nan ne ake ɓarna. Boganbiliya a zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi a sare su a tsayin santimita 60 zuwa 90, sauran a cire daga tushe. Da zarto za a yi, a ɗan karkace yankan don ruwa ya zurare. Adda tana tsaga itacen, ruɓa ta shiga, gara ta biyo. Yalo-bush a mayar da shi santimita 30, ba ya fushi. Idan ya tofo a riƙa aske shi ƙasa ya fi sama faɗi, domin aski mai faɗin kai shi ya hana ganyen ƙasa rana har ƙafafun suka tsiraita kamar yadda kike gani. Iksora ba ta son a yi mata kwal-kwabo: a rage kashi ɗaya cikin uku a wannan karon, sauran datsar sai bayan wata biyu. Idan akwai fulawar haibiskus a ciki, a rage mata rabi.

Lokacinsa ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, da ruwa ya zauna. Babbar datsa a Maris ko Afrilu tana barin ɓawon da ya saba da inuwa a tsakar rana, ya ƙone ya tsattsage. A hunturu kuma shuka ba ta da kuzarin tofowa. Idan yanzu rani ne, a cire busassun rassa kawai, a fuskanci ciyawa.

Ciyawar ita ce ainihin yaƙin, kuma ita za ta nuna ko wani ɓangare na kwamin yana bukatar sabuwar ƙasa. Harƙiya da ƙarangiya ba abin damuwa ba ne, noma biyu kafin su zubar da iri sun ƙare. Ki sa a tona shebur ɗaya a kawo miki. Idan kika ga 'yan ƙwallaye baƙaƙe masu tauri, kamar ƙananan aya, a jere a jikin wata siririyar saiwa kamar carbi, ki fasa ɗaya ki ji ƙanshi mai ɗan yaji, to aya-aya ce. Noman fartanya ƙara mata yawa yake yi, domin da an tsinke carbin sai ƙwallayen da suke barci su farka, kowanne ya zama uwa. Kiri-kiri ma haka, kowace gaɓa da ta rage a ƙasa sabuwar ciyawa ce.

Hanya biyu ake bi da su. Ta rani: a juye ƙasar da shebur zuwa santimita 25, a farfasa hoge, a tsince abin da ido ya gani, a bar sauran a shanye a rana mako biyu ba ruwa, a sake juyawa a ƙara mako biyu. Zafin bazara yana busar da ƙwallayen har su mutu, kuma kyauta ne. Kusa da gindin fulawar da aka bari, taƙi biyu kewaye, hannu da ƙaramar fartanya kawai, kada a datse mata saiwa. Ta damina kuma maganin feshi mai gilaifoset ne, wanda yake shiga ta ganye ya gangara har saiwa. Irin mai ƙarfin giram 360 a lita, yawanci mililita 150 zuwa 200 ake zubawa a injin goyo mai lita 16, amma a bi abin da ke jikin kwalbar. Sharuɗɗansa ne mutane ke karyawa su ce jabu ne: sai ciyawa tana kore shar tana girma, ba a nome ta ba; ruwan haɗi ya zama garau, domin ruwa mai laka yana kashe ƙarfin maganin; ba iska; kuma a samu awa shida ba a yi ruwan sama ba. A kare kowace fulawa da kwali, don bai san na gida ba. Sai an yi kwana 10 zuwa 14 ake ganin aikinsa, kuma aya-aya sai an maimaita mata sau biyu ko uku. Maganin feshi mai farakwat, wanda ake yabo wai yana ƙone ciyawa a yini ɗaya, kada ya shigo miki gida: ganye kawai yake ƙonewa, saiwa tana nan, kuma guba ce da kurɓi kaɗan ke kisa, ga yara.

'Ya'yan darbejiya a cire su da saiwa tun suna ƙanana, bayan an jiƙa ƙasa. Wanda ya yi kauri a sare shi, a shafa wa kututturen gilaifoset tsantsa da buroshi nan take, in ba haka ba ya dawo da kai biyar. Idan akwai ceɗiya ko durumi da tsuntsu ya shuka a jikin katanga, yau ɗin nan a fitar da shi, saiwarsu ba ta barin bulo ko sokawe.

Iksorar da ganyenta ya yi ɗorawa amma jijiyoyin suka tsaya kore, ba yunwar yuriya take ji ba. Siminti ne. Ɓaraguzan bulo da ragowar kwaɓi da magina ke binnewa a kwami suna sauya ƙasa ta yadda saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, kuma iksora ce ke fara nunawa. A haƙa rami mai zurfin santimita 30 a gefenta a gani. Idan ɓaraguzai ne tsilli-tsilli, a tsince a cika da taki. Idan shimfiɗe suke, wannan yankin kaɗai za a canja wa ƙasa: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya taki, a ƙara kashi ɗaya na yashi idan mai laka ce. A ramin nan kuma a cika ruwa da yamma. Idan da safe yana nan kwance, akwai daɓe a ƙasa, sai an fasa shi da diga, in ba haka ba saiwa ta ruɓe a watan Agusta.

Wani abin da ba ki tambaya ba: kwamin hagu ya jingina da bangon ɗaki. Fentin da ya kumbura a wurin, danshin kwamin ne ya jawo shi. A rage tudun ƙasar ta koma aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ɗaki, a bar tazarar rabin mita tsakanin shuka da bango, a zuba tsakuwa a tazarar.

Taki a shimfiɗa kaurin santimita 5 a cakuɗa da saman ƙasa. Ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, wanda ya yi baƙi, yake marmashewa a hannu, ba ɗumi, ba wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwana biyu, ɗanyen na shanu kuma gara yake kira, ya zo da irin ciyawa. Bayan mako uku da datsa, idan tofo ya fito, a ba kowace shuka cikin kwalin ashana ɗaya na NPK 15-15-15, a zagaye taƙi ɗaya daga gindi, a rufe a ba da ruwa. Boganbiliya kada a shagwaɓa ta. Yawan ruwa da yuriya ganye da ƙaya kawai suke ba ta. Sai ta ɗan ji ƙishi take fure, shi ya sa ta fi kyau a rani. A ƙarshe a rufe fuskar kwamin da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, kauri yatsa uku, a janye shi tafin hannu ɗaya daga kowane gindi, a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Yanzu maganar masu sayarwa, domin a nan kuɗi ke zurarewa. Wasu masu gyaran fulawa da ke matsa wa a tumɓuke komai, da sun fita da tsohuwar boganbiliyar sai su datse ta su sa a babbar tukunya, ta fi duk abin da suka dasa miki tsada. Ki ce duk abin da aka cire a nan zai zauna, ki ga ko shawarar ba ta sauya ba. A wurin masu fulawa na bakin titi kuma akwai reshen da aka yanko shekaranjiya aka soka a leda, ganyensa shar, ba saiwa ko ɗaya. Ki ɗan ja shi a hankali: mai saiwa yana riƙe ƙasa, kuma za ki ga fararen saiwoyi ta hujin ledar. Wanda ya zare salin-alin a bar musu. "Baƙar ƙasa" ta tifa sau da yawa kwashen kwata ce ko ta bola, cike da leda da fasassun kwalabe da ƙwallayen aya-ayar da kika gama yaƙi da ita. Kada a juye sai an zuba shebur biyu a rariya a gabanki. Maganin feshi kuma a saya a shago, da hatimin murfi da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ban da na ɗure a gorar ruwa.

Gurbin da ya rage bayan an share ba ya bukatar abin nesa. Kariya tana fure ruwan hoda a tsakiyar rani ba ta neman ruwa, sai dai ruwan jikinta guba ne, a sa ta can baya inda hannun yara ba ya kaiwa. Lalle yana yin shinge mai kyau idan ana aske shi, ga ƙanshin furensa da yamma. A bakin kwami a jera alobera da ɗoɗɗoya, tazarar santimita 30. Dashen a yi shi da la'asar a watan Yuni ko farkon Yuli, a yage ledar ba tare da an fasa ƙasar ba, a binne daidai inda ƙasar ledar ta tsaya, kada a zurfafa wuya.

Saboda haka ki sallami batun tifa. Ki nemi lebura ɗaya na kwana biyu, da zarto, da almakashin fulawa, da manjagara, da baro 10 na taki don kwami biyun, ki tsaya a kansa ranar datsa. Idan shebur ɗin gwajin ya fito da wani abin da ba ki gane ba, ki wanke saiwar ki turo hotonta tare da ganyen.