Allurar wata-wata da allurar mako shida: ba ciwo ɗaya suke magani ba

Hajiya, na ga tambayarki a zaure. Kin ce ƙaninki tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ake masa allurar penisilin duk wata saboda ciwon zuciya, yanzu ya yi mako uku zazzaɓi ya ƙi sauka, an sha maganin maleriya da na taifod duk a banza, likita kuma ya ce ƙwayar cuta ce ta kama bawul ɗin zuciyar, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, sai an kwantar da shi mako shida. Kike cewa ai ciwon ɗaya ne, me zai hana a ci gaba da allurar da aka saba a gida? Allah ya ba shi lafiya. Ciwo biyu ne, na farkon ne dai ya share wa na biyun hanya.

Na farko shi ne zazzaɓin rumatik. Asalinsa ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba, galibi ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Bayan mako biyu ko uku sai garkuwar jiki ta rikice, ta afka wa gaɓoɓi da bawulolin zuciya, yau gwiwa ta kumbura, jibi ciwon ya koma idon sawu. Abin da ya rage a bawul ɗin tabo ne, babu ƙwayar cuta a zaune a kai. Allurar wata-wata aikinta ta hana ƙwayar maƙogwaron dawowa ta ƙara ɓarna, shi ya sa ake ɗaukar shekaru ana yin ta, wasu har su kai shekara arba'in da haihuwa.

Na biyu, wanda likitoci ke kira endokaditis, ƙwayar cutar ce da kanta ta shiga jini, ta samu bawul mai tabo ta maƙale, ta cakuɗe da gudan jini ta yi tsiro a wurin. Takan shigo ta ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi mai jini, ta maruru, ko ta allurar jijiya da ba tsafta. Kuma yawanci ba irin ƙwayar da allurar wata-wata ke tsarewa ba ce. Kamar mai gadi ne da ya san fuskar ɓarawo ɗaya, wani daban ya hauro katanga.

Gano su ma ya bambanta. Na farko ana duba tarihin maƙogwaro da gaɓoɓi, a yi gwajin jini, a yi hoton zuciya na eko. Na biyu ginshiƙinsa shukar jini ce: a ɗebi jini sau uku daga jijiyoyi daban-daban, a zuba a kwalabe, a jira 'yan kwanaki ƙwayar ta tsiro, a san sunanta da maganin da ke kashe ta. A nan muke cutar kanmu a Katsina. Kafin a isa asibiti an riga an bi kemis biyu an sha kafso kala-kala, sai kwalaben su fito wayam alhali cutar na nan, likita ya koma lalube. Don Allah kada a ƙara ba shi ko kafso ɗaya na kashe ƙwayar cuta kafin a ɗebi jinin, wanda ya riga ya sha kuwa ku tattara kwalayen ku nuna wa likita. Eko na kan ƙirji yakan kasa ganin ƙaramin tsiro, don haka kada ki tsorata in an ce za a zura na'ura ta maƙoshi, ta nan aka fi gani. Likitoci kan haɗa sakamakon duka su auna da ma'aunin Duke, wato jerin sharuɗɗan tabbatar da wannan ciwon.

Dalilin mako huɗu zuwa shida kuwa, tsiron nan babu jijiyoyin jini a cikinsa, ƙwayoyin sun lafe can ciki, magani ba ya cim musu sai mai ƙarfi ta jijiya, a kan lokaci, dare da rana. Zazzaɓi kan sauka cikin mako guda, yaro ya fara cin tuwo, dangi su fara maganar sallama saboda kuɗin gado. Na san nauyin ba ƙarami ba ne, amma yanke maganin a nan shi ke dawo da ciwon. In aka bar shi, tsiron kan ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, ko ya huda bawul ɗin numfashi ya gagara. Wani lokaci allura kaɗai ba ta isa, sai tiyata a gyara ko a canja bawul, musamman in zuciya ta fara gazawa, ko zazzaɓi ya ƙi jin magani, ko tsiron ya haura milimita 10.

Ni dai shawarata ku yarda a kwantar da shi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko duk inda aka tura ku, ko da Asibitin Malam Aminu Kano ne. In kun ga baki ya karkace, ko ba ya iya kwanciya sai a zaune, ko ƙafa ta kumbura, ku kira ma'aikata nan take. Bayan sallama a kai shi likitan haƙori, a faɗa masa tarihin zuciyar kafin a cire komai, sannan a koma allurar wata-wata yadda likitansa ya tsara.