Rawanin makiyaya da tsumman goge kwano: wasiƙa daga Bradford

Yaya, ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Nan sai godiya, sai kuma sanyi. Tun kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ke rufe gari, mutum ya tashi aiki kamar mai shirin sallar isha'i.

Kin sha tambayata yadda aka yi ina Musulma na ƙare a makarantar coci. Abin ba kamar yadda kike zato ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamaren ƙasar nan na Cocin Ingila ne, amma gwamnati ce ke biyan malamai, kuma ba a karɓar ko sisi a hannun iyaye. Mu a gida gwamnati ƙwace makarantun mishan ta yi a shekarun 1970, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina. Nan kuwa an bar wa coci suna da addu'ar safe, gwamnati ta riƙe jaka. Tamu makarantar fiye da rabin yaran Musulmi ne, yawanci jikokin 'yan Pakistan. Doka tun 1944 ta ba uba damar cire ɗansa daga ibadar makaranta in ya ga dama. Ni dai mataimakiyar malama ce a ajin 'yan shekara biyar zuwa shida, duk shekarun da na yi ina riƙe da alli a Zariya. A bar wannan zancen.

Da Disamba ta kama sai makaranta ta koma gidan biki. Kowace shekara ƙananan yara ke yin wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yadda labarin ya zo a littafinsu: Maryamu da Yusufu, garin Baitalami, komin dabbobi, makiyaya, da masana daga gabas ɗauke da zinariya da lubban da mur. Babu dabino, babu ƙorama irin na Suratu Maryam. Aka ce ni zan kula da sutura.

Da na ji haka sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. A raina na riga na lissafa: yadi kaza na fari, yadi kaza na ruwan ƙasa, a kai wa tela, kwana uku ya gama. Malamar ajinmu ta dube ni kamar na ce a yanko raƙumi. Ta ce wane tela? Ta jawo wani akwatin roba daga ƙarƙashin dandamali, cike da rigunan bara da na bara waccan. Wanda bai samu ba, uwarsa ta shiga Asda ko Tesco ta sayo ɗinkakke, fukafukan mala'ika da kambin sarki duk a leda guda, kuɗin bai wuce ladan aikin awa ɗaya ba. Makiyaya kuwa, Yaya, rawaninsu tsumman goge kwano ne, a ɗora a ka a ɗaure da igiya. Ba talauci ba ne, al'adarsu ce, har alfahari suke da ita.

Rigar Yusufu ta yi wa yaron tsawo, yana taka ta. Na ce bari in kai wani shagon gyaran kaya kusa da gidanmu a rage. Matar ta juya rigar, ta faɗi kuɗin da ya fi na sabuwa, ta ce in dawo bayan mako guda. Na tuna telanmu na bakin layi da zai yi wannan kina tsaye, ya ce "haba Malama, bar shi kawai". Na karɓi abata na dawo gida, na zare allura na ɗinke da hannu. Washegari malamai suka kewaye ni suna duba kalmasar kamar aikin zubi.

Kaya a nan banza ne, hannun mutum ne zinariya. Mafi ƙarancin albashin manya da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, don haka duk wanda ya taɓa miki abu sai kin ji a jikinki. Takarda mai ƙyalli, gam, fenti, kwali, ko'ina a ajin sun yi yawa har ana zubarwa, ni kuwa ina tsince guntayen da ido ina tuna ranar da muka raba kwalin alli ɗaya aji shida. Wuta ba ta ƙifta ba ko sau ɗaya, zauren da ɗumi, lasifika ras, babu mai zuwa neman man janareta. Amma mai kiɗa? Babu. Waƙoƙin duk daga kwamfuta suke fitowa, makaranta ta saya haɗe da lasisin amfani da su. Yaranmu na tashe da auduga a haɓa da tsohuwar gwangwani sun fi su ruhi nesa ba kusa ba, ko da za a ce son kai ne.

Sai dokoki. Kowane gida tikiti biyu, saboda ƙa'idar kashe gobara ta ƙayyade yawan mutanen da zaure zai ɗauka. Ki duba fa, bikin ɗa, a ce kaka da gwaggo su zauna a gida! An yarda ka ɗauki hoton ɗanka, amma kada ka saka a Facebook in akwai ɗan wani a ciki. Na yi niyyar kawo ƙuli-ƙuli da kantun gana a walimar aji, aka ce gyaɗa ba ta shiga ƙofar makarantar, akwai yaran da ko ɓarɓashinta ka iya kai su asibiti. Wannan kam na ga dalilinsa, don na ga allurar gaggawar da ake ajiyewa da sunan kowane yaro.

Abin da ya fi tsaya min shi ne wani taro da suke kira Christingle. Ana ba kowane yaro lemon zaƙi da kyandir a tsakiya, an ɗaura masa jan ƙyalle, an soke tsinke huɗu masu zabibi da alewa. Lemon duniya ce, kyandir haske. Daga Jamus abin ya samo asali a 1747, Cocin Ingila ya ɗauka a 1968. Ni na tsaya a baya, ban yi waƙa ba, ba kuma wanda ya tilasta ni. Aikina lura da gashin 'yan mata da bakin ɗankwali kada wuta ta lasa. Tun da safe muka yi ta karanta bayan ledar alewa, muna ware mai sinadarin alade daga ta yaran Musulmi.

Ranar wasan, yarinyar da ta fito a Maryamu 'yar Musulmi ce, uwarta na layin gaba da hijabi tana share hawaye. Yaron da ya fito a jaki ya yi fitsari a wando. Ɗaya daga cikin masanan ya ƙi sakin zinariyarsa, sai da malama ta rarrashe shi. Iyaye suka yi ta tafi kamar hannu zai tsage.

Yanzu ga saƙona. Na yi wa shugabar makaranta alkawarin masanan baɗi ba za su fito da rigar leda ba. Don Allah ki sa a yanko shadda a Kantin Kwari, kala uku, a ba telanmu ya ɗinka 'yan manyan riguna uku na ɗan shekara shida, da aiki a wuya, da hula. Ki ce masa kada ya yi min irin ta sallar bara. Zan turo awon da kuɗin, sai a ba duk wanda zai taho kafin kaka.